Gidan wankan Rumawa: duk wanda ya shiga ya zama Barume ke nan?

Malam Habibu:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ga wata magana da nake so masana su warware mana. Duk inda Rumawa suka yi mulki, tun daga iyakar Sikotilan har bakin Sahara, masu haƙar kayan tarihi suna tarar da gidan wanka, kuma kusan fasali ɗaya: ɗakin tuɓe kaya, ɗakin sanyi, ɗakin ɗumi, ɗakin zafi. Tacitus, marubucin tarihi na Rum, wanda ya rubuta tarihin surukinsa Agricola gwamnan Birtaniya wajen shekara ta 98 miladiyya, ya ce Agricola ya kwaɗaita wa manyan ƙasar gina haikali da kasuwa da gidaje, ya sa aka karantar da 'ya'yan sarakuna, har suka fara sha'awar Latin da yafa mayafin Rumawa. Daga nan sannu a hankali suka zarce ga rumfunan shaƙatawa da gidajen wanka da liyafa. Tacitus ya ce su a rashin saninsu wayewa suke kiran abin, alhali wani yanki ne na bautarsu. To, gidan wanka hujja ce cewa mutanen larduna sun zama Rumawa, ko kuwa gini ne kawai?

Injiniya Rabi'u:
Wa alaikumus salam, Malam Habibu. Kafin a shiga zukatan mutane, a fara sanin ginin, don kada wani ya ɗauka irin gidan wankan bakin tasha ne da ake biyan kuɗin bokiti. Wannan injin zafi ne, wanka kuma wani ɓangare ne kawai na aikinsa.

Ana fara shimfiɗa daɓen ƙasa da jan bulo, a ɗan karkata shi ya gangara wajen murhu. Vitruvius, magini na zamanin Augustus sarkin Rum, ya ba da gwaji mai sauƙi: ka jefa ƙwallo ciki, in ta gangaro ta dawo bakin murhu da kanta, gangaren ya yi. A kan wannan daɓe ake jera gajerun ginshiƙai na bulo mai kusurwa huɗu, kowane bulo wajen santimita 20, tsayin ginshiƙi ƙafa biyu, wato wajen santimita 60. Tazarar da ke tsakaninsu ba da ka ake yin ta ba. Akwai babban bulo mai faɗin ƙafa biyu, dole kowace kusurwarsa ta zauna a kan ginshiƙi, ginshiƙai huɗu na ɗauke da bulo ɗaya. A saman manyan bulon ake zuba kankare mai kauri da aka kwaɓa da garin fasasshen jan bulo, wanda ba ya shan ruwa, sannan a bi da marmara ko daɓen ƙananan duwatsu. Wuta da hayaƙi na bi ta ƙarƙashi tsakanin ginshiƙan. Wannan shi ne hypocaustum a bakinsu.

Ginshiƙan kuwa, Vitruvius ya ce da yumɓu da aka kwaɓa da gashi za a ɗaure su. Dalili, kwaɓin ƙonannen farin dutse yana rugurgujewa in wuta ta daɗe tana lasarsa, yumɓu kuwa ƙara ƙarfi yake yi. Wanda ya san yadda maginanmu ke sa gashin jima a laso ba zai yi mamaki ba.

Daga ƙarni na farko miladiyya aka ƙara wata dabara: bulo mai rami kamar akwati, a jera su a jikin bango tun daga ƙasa har sama, hayaƙi ya bi ta ciki ya fita ta rufi. Bango ya yi zafi, kuma jan iska ya ƙaru. Seneca, masanin falsafa na Rum, ya ambaci wannan a cikin abubuwan da aka ƙirƙiro a zamaninsa. Ɗakin zafi shi ke manne da murhu, na ɗumi na bin sa yana shan ragowar zafin, na sanyi ba rami a ƙarƙashinsa sam. A kan murhun akwai tukwanen tagulla uku, na zafi da na ɗumi da na sanyi, ruwa na gangarowa daga wannan zuwa wancan. Ɗakunan zafi kuma ana fuskantar da su kudu maso yamma, saboda lokacin wanka daga azahar ne zuwa yamma.

Aminu Garba:
Injiniya, ranka ya daɗe, me ke lalata shi?

Injiniya Rabi'u:
Gaggawa ce ta farko. In aka hura babbar wuta a ginin da ya yi sanyi, daɓe zai tsage, hayaƙi ya riƙa tsiyayowa cikin ɗaki, mutane su yi ta ciwon kai ko abin ya fi haka. Shi ya sa ake ɗumama shi a hankali, kuma ba a son wutar ta mutu gaba ɗaya, don tayar da ita daga sanyi ya fi cin itace. Na biyu kunkunniya da toka, in ba a kwashe ba sai su toshe hanyar iska, wuta ta riƙa ci baya. Na uku tururi: in rufin katako ne, ruɓewa zai yi. A garin Bath na Ingila, babban kwarmin wankan da rufin katako aka fara shi, daga baya aka sauya da bakan gizo na bulo mai rami don ya yi sauƙin nauyi. Na huɗu, inda ruwa ke da gishirin dutse, yakan daskare a cikin bututun darma har ya matse hanya. Daɓen ɗakin zafi kuma ba a taka shi da tafin ƙafa, shi ya sa ake samun takalman katako a wurare irin su Vindolanda, barikin sojan Rum a arewacin Ingila.

Abin da nake son a riƙe: gini irin wannan yana cin itace kullum, yana shan ruwa kullum, yana buƙatar mai hura wuta da mai kwashe toka kullum. Inda duk ka gan shi, to akwai wanda ya ɗauki nauyin wannan shekara da shekaru.

Dakta Hadiza:
Na gode Injiniya. Ni gyarana yana kan tambayar ce tun daga tushe. Malam Habibu, in ka ce tasirin Rumawa, kamar kana nufin mutanen ba su san gidan wanka ba sai da Rum ta zo. Ba haka ba ne a wurare da yawa.

Girkawa suna da nasu tun ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa (AS): ɗaki kewayayye, an jera ƙananan komayen zama a jikin bango, kowa ya zauna a nasa, a riƙa kwara masa ruwa. A Sisili, a Gela da Morgantina da Sirakusa, akwai irinsu a ƙarni na 3 kafin miladiyya, har da hanyar wuta a ƙarƙashin wani kwarmi na ruwan zafi. A Tunisiya akwai Kerkouane, garin mutanen Kartaj (tsohuwar daular bakin tekun Tunisiya) da aka watse daga cikinsa wajen tsakiyar ƙarni na 3 kafin miladiyya, tun Rumawa ba su mallaki ko taƙi ɗaya a Afirka ba. Gidaje da yawa a garin suna da ɗakin wankansu, da komin zama da aka shafe da jan siminti. A arewacin Fotugal kuwa, a tsofaffin garuruwan tudu irin su Briteiros, akwai ɗakunan gumi da ake shiga ta wata ƙaramar kafa a ƙasan wani babban dutse da aka sassaƙa, kuma Strabo, Bagirke masanin labarin ƙasa, ya rubuta cewa mutanen bakin kogin Douro suna yin turare da duwatsu masu zafi sannan su yi wanka da ruwan sanyi.

Su kansu Rumawan ara suka yi. Tsofaffin gidajen wankan da ke da cikakken ramin wuta suna kudu da birnin Rum ne, a Fregellae da aka rusa a 125 kafin miladiyya, da Pompeii, inda Girkawa da sauran ƙabilun Italiya suka daɗe suna cuɗanya. Seneca ya ziyarci tsohon gidan Scipio, wanda ya ci Hannibal jarumin Kartaj da yaƙi, ya tarar ɗakin wankansa ɗan ƙuƙumi ne mai duhu, ya kuma ce mutanen da hannu da ƙafa kawai suke wankewa kullum, wankan jiki duka sai ranar kasuwa.

Aminu Garba:
Dakta, na yarda, amma kada mu wuce gona da iri. Komin zama daban, jerin ɗakuna daga sanyi zuwa zafi a dawo a faɗa kwarmin ruwan sanyi tare da jama'a daban. Wannan na biyun shi ya bazu, kuma tare da mulkin Rum ya bazu. Sannan ba da bulala aka gina su ba. Wasiƙun Pliny ƙarami, lokacin yana gwamnan lardin Bithynia, a Turkiyya ta yau, wajen 110, suna nan. Mutanen Prusa, Bursa ta yau a Turkiyya, su suka roƙi a bar su su gina sabo don nasu ya tsufa ya yi ƙazanta, sarki Trajan ya ce ya yarda muddin ba za a ɗora wa jama'a sabon haraji ba. Mutanen Claudiopolis kuma suka kama haƙa wani ƙato a cikin kwari a gindin dutse, har Pliny ya ji tsoron kuɗin za su tafi a banza ya nemi a aiko masa da magini ya duba. Gwamna na taka birki, 'yan gari na taka totur. In wannan ba karɓar al'ada ba ce, mece ce?

Dakta Hadiza:
Karɓa ce, ban musa ba. Amma dubi yadda suka karɓa. A garuruwan Girkawa na Turkiyya, Afisa da Sardis da Miletus, ba su ɗauko fasalin Italiya suka dasa ba. Sun haɗe shi da filin motsa jiki da karatun samari, wanda shi ne zuciyar zama Bagirke. Mai shiga wankan Sardis ba ya jin ya rage Girkanci, ƙaruwa ma yake ji ya yi. A Masar kuma an daɗe ana riƙe da komayen zama bayan an daina yayinsu a wasu wurare, har aka sami gine-ginen da suka haɗa tsohon salo da ramin wuta.

Leptis Magna a Libiya ta fi kowane misali fito da abin. An buɗe babban gidan wankanta a 126 zuwa 127, zamanin sarki Hadrian, bayan wani attajirin garin ya jawo ruwa da kuɗinsa. Amma wannan garin ne wani mai suna Annobal Tapapius Rufus ya gina wa kasuwa da gidan wasa, ya rubuta sunansa da Latin da kuma harshen Kartaj. Septimius Severus, ɗan garin da ya zama sarkin Rum a 193, an ruwaito cewa 'yar'uwarsa da ƙyar take haɗa Latin. Shekara ɗari biyu bayan haka Augustine, bishop na Hippo a Aljeriya ta yau, yana neman limaman coci masu jin harshen Kartaj don ƙauyukan garin. Wanka na Rum, hira a cikin kwarmin kuwa da harshen gida.

Malam Nasiru:
Allah ya saka da alheri. Matsalarmu a yawancin lardunan ita ce bulo muke tambaya, bulo kuwa ba ya magana. Amma akwai al'umma ɗaya da ta bar mana muhawararta a rubuce, Yahudawan Falasɗinu.

A cikin Mishna, littafin fiƙihunsu, wadda aka tattara wajen shekara ta 200, an kawo cewa wani Bagirke mai suna Proklos ya tarar da babban malamin Yahudawa Rabban Gamliel yana wanka a Akka, a gidan wankan da ke da gunkin Aphrodite, abar bautar Girkawa. Ya ce masa, littafinku ya hana ku kusantar kayan gumaka, me kake yi a nan? Malamin ya ce ba a amsa irin wannan a gidan wanka. Da suka fito ya ce: ba ni na shiga hurumin ta ba, ita ta shigo nawa. Ba a cewa an yi gidan wanka don ƙawata ta, ita aka yi don ƙawata gidan wanka. Ya ƙara da cewa tana tsaye a bakin kwata kowa na fitsari a gabanta, wanda ake bauta wa kuwa ba a yi masa haka.

A Talmud ta Babila, littafin sharhin Mishna, kuma wasu malamai suna zaune, ɗaya ya yabi Rumawa cewa sun gina kasuwanni da gadoji da gidajen wanka. Shimon bar Yohai ya ce duk don kansu suka yi: kasuwa don zaunar da karuwai, gidan wanka don jin daɗinsu, gada don karɓar kuɗin fito. Ga mutum biyu, addini ɗaya, ƙasa ɗaya, wannan ya shiga ya kafa hujja, wancan ya tsaya waje yana zargi. Kuma shi wanda ya shiga bai fito Barume ba, ya fito ne da fatawa.

Ko Hirudus sarkin Yahudawa, wanda ya fi kowa son Rum, a fadarsa ta Masada ya yi ramin wuta irin wanda Injiniya ya bayyana, amma ɗakin sanyin ɗan ƙaramin kwarmi ne mai matakala, kamannin wanda Yahudawa ke nutso a ciki don tsarki.

Malama Safiya:
Ina bin ku, sai dai har yanzu maganar manya kuke yi, sarakuna da attajirai da malamai. Wa ke shiga, da nawa, da wane lokaci? Akwai allon tagulla da aka tono a Aljustrel ta Fotugal a 1876, dokokin wani garin masu haƙar ma'adinai mai suna Vipasca na ƙarni na 2. Sashen gidan wanka ya ce ɗan kwangila zai hura wuta kullum. Mata daga fitowar rana zuwa sa'a ta bakwai, wato wajen azahar. Maza daga sa'a ta takwas zuwa sa'a ta biyu ta dare. Namiji zai biya rabin kwabon da suke kira as, mace cikakken as ɗaya. Yara da sojoji da bayin sarki da 'yantattunsa masu aiki a wurin kyauta. Duk kwana talatin sai ya wanke tukwanen tagulla, ya goge, ya shafe su da sabon kitse. Ba shi da izinin sayar da itacen wurin sai ƙirare da ba su da amfani a murhu, in ya sayar tarar 100 na wani kuɗinsu da ake kira sestertius. In ya bar gidan bai yi aiki yadda ya kamata ba, tara har 200.

Ku lura, mace ta biya ninki biyu, kuma aka ba ta safiya, lokacin da ginin bai gama ɗaukar zafi ba. Maza suka tashi daga rami suka tarar da shi ya nuna. Sannan wannan ba birnin masu son a ce sun waye ba ne, sansanin aiki ne na gwamnati, kuma gidan wankan yana cikin jerin kwangiloli tare da aski da ɗinkin takalma. Lebura ya shiga ne don ƙura ta ishe shi.

Aminu Garba:
Malama, amma ai ta haka al'ada ke shiga. Ba sai mutum ya yi niyya ba. Ya saba da shafa man zaitun, a kankare masa da lanƙwasasshen ƙarfen nan mai kama da lauje, ya saba da lissafin sa'o'i irin nasu, ya saba da kwabonsu. Jikansa ba zai san akwai wata hanyar ba.

Malama Safiya:
Jikan ɗan birni ko ɗan bariki, e. Mafi yawan mutanen Birtaniya da Gaul, wato yankin Faransa ta yau, manoma ne a karkara, da yawa a Birtaniya ma cikin bukkoki kewayayyu irin na kakanninsu suka ci gaba da zama har ƙarshen mulkin. Mai gidan gona na Chedworth a Ingila a ƙarni na 4 yana da gidan wanka har biyu, ɗaya na tururi ɗaya na busasshen zafi. Wanda ya saro masa itacen fa?

Injiniya Rabi'u:
A ƙara da maganar soja, don a arewa su suka fara kai ginin. A Vindolanda, kusa da inda aka yi ganuwar Hadrian daga baya, an sami allon katako da ke lissafin ma'aikata 343 a rana ɗaya, daga ciki 18 magina ne a gidan wanka. Su waye sojojin? Batavi da Tungri, mutanen ƙasar Holan da Beljiyam ta yau. Wato 'yan lardi ne ke gina wa kansu wankan Rum a lardin wasu. A Bearsden kusa da Glasgow, sansanin da bai wuce shekara ashirin da wani abu ana zaune cikinsa ba, sai da aka yi masa nasa. A Caerleon ta Wales, da aka tone magudanar ruwan wankan bariki, an sami duwatsun zobe 88 da zafi da laima suka ɓamɓare daga yatsun masu su, tare da haƙoran yara na fari. Ke nan mata da yara ma suna shiga.

Ta kudu kuma akwai Bu Njem a hamadar Libiya, sansanin da aka kafa a 201. Wani hafsa mai suna Avidius Quintianus ya sa aka sassaƙa waƙarsa a gidan wankan, farkon haruffan baitocin suna fitar da sunansa, yana yabon ruwan da ke sanyaya jiki daga zafin rairayi. A Afirka ta Arewa itace ya yi ƙaranci, don haka sukan hura da tunkuzar zaitun, a Masar kuma da ƙaiƙayi da kara. Ruwan Kartaj kuwa daga Zaghouan aka jawo shi, hanyar ta kai kilomita 132.

Malam Habibu:
Bari in jefa wata. Da na karanta maganar Tacitus ta karantar da 'ya'yan sarakuna, makarantar Ɗan Hausa ta Nasarawa a Kano, 1909, ta faɗo mini. Ba abu ɗaya ba ne?

Dakta Hadiza:
Allah ya gafarta Malam, akwai alaƙa, sai dai ba ta inda ka zata ba. Francis Haverfield, wanda ya kafa wannan ra'ayi na mayar da mutane Rumawa a binciken Birtaniya, ya gabatar da shi a 1905, shekara biyu bayan Turawa sun ci Kano da Sakkwato. Mutanen zamaninsa suna kallon Rum suna ganin kansu: mai mulki ya kawo wayewa, ɗan ƙasa ya karɓa. Faransawa a Aljeriya ma haka, suna tone kangon birnin Rumawa na Timgad tun shekarun 1880 suna ɗaukar kansu magadan Rum. Wato ba Rum ce ta yi kama da mulkin mallaka ba kawai, 'yan mulkin mallaka ne suka rubuta mana Rum da kamanninsu. Daga baya Martin Millett a 1990 ya juya maganar, ya ce manyan 'yan ƙasa su suka rungumi kayan Rum don su riƙe girmansu a kan talakawansu. Greg Woolf ya nuna cewa ita kanta al'adar Rum tana sauyawa a lokacin, ba dafaffen abu ba ne da aka raba. David Mattingly kuma ya ce soja da ɗan birni da ɗan ƙauye kowa da irin Rum ɗin da ya gani.

Shi ma Tacitus a yi hattara da shi. Sanata ne da ya rayu ƙarƙashin sarki Domitian, yana jin haushin yadda jin daɗi ya kashe wa manyan Rum zuciya. Yana faɗa wa Birtaniyawa magana, amma 'yan'uwansa yake yi wa habaici.

Malama Safiya:
Garin Bath ɗin da Injiniya ya ambata ya isa misali. Maɓuɓɓugar tana fitar da ruwa mai zafin digiri 46, sama da lita miliyan ɗaya a rana, kuma mutanen wurin suna girmama ta da sunan Sulis. Rumawa suka zo suka gina haikali da wanka, aka haɗa sunan da na Minerva, abar bautar Rumawa, ya zama Sulis Minerva, na gida a gaba. An shimfiɗe babban kwarmin da fallayen darma 45, zurfinsa mita 1.6. A cikin maɓuɓɓugar an tsamo ƙananan allunan darma wajen 130, irin Allah-ya-isansu, yawanci kan sata. Wani Docimedis an sace masa safar hannu, ya roƙi ɓarawon ya rasa hankalinsa da idanunsa. Wani an ɗauke masa kuɗin azurfa shida, ya ce ko ɓarawon mai bautar gumaka ne ko Kirista. Latin ɗin na talakawa ne, sunaye da yawa na 'yan ƙasa ne, abin da aka sace kuma riga ce ko mayafi ko 'yan kuɗi kaɗan, kayan wanda ba shi da bawan da zai tsare masa tufafi a ɗakin tuɓewa.

Dakta Hadiza:
Ga kuma wadda ke rikita lissafin duka: Jarma a Fazzan ta kudancin Libiya, babban birnin mutanen Sahara da ake kira Garamantes. Rum ba ta taɓa mulkinsu ba, suna ɗaruruwan kilomita kudu da iyaka, ruwansu ta ramukan ƙarƙashin ƙasa suke jawo shi. Duk da haka an tono ɓaraguzan bulon ramin wuta da simintin ruwa a garin. Ba gwamna, ba haraji, ba Agricola, amma wani babba ya ga abin a bakin teku ya ce shi ma sai ya yi.

Aminu Garba:
To ko ba komai sun kawo tsafta.

Malam Nasiru:
Nan kam a'a, Aminu. Kwarmin ɗakin zafi ruwa ne a tsaye, mai ɗumi, mutane da dama na shiga da mai a jiki, ba wani magani a ciki. Sarki Marcus Aurelius da kansa ya ce wanka mai ne da gumi da dauɗa da ruwa mai maiƙo, duk abin ƙyama. Celsus, marubucin likitancinsu, ya gargaɗi mai ɗanyen rauni da kada ya shiga. Ga kuma marasa lafiya da likitoci ke turawa can. Da ma'aunin fiƙihunmu, ruwan da launinsa da ƙanshinsa suka sauya haka ko alwala ba a yi da shi.

Shi ya sa nake ganin hammam, gidan wankan Musulmi, ya fi nuna yadda ake aron abu. A Ƙusair Amra cikin hamadar Jodan, wanda Walid ɗan Yazid ya gina kafin ya hau halifanci a 743, ramin wutar nan ne, ginshiƙan nan ne, jerin ɗakunan nan ne. A Walila ta Maroko, tsohuwar Volubilis, akwai na ƙarshen ƙarni na 8 da aka yi a gefen kangon Rumawa. Amma an yar da babban kwarmin nutso, aka koma ɗiba ana kwarawa. Imam Gazali ya jera ladubban shiga: a rufe al'aura, a biya mai gida kafin a shiga, a sa ƙafar hagu gaba, kada a ɓarnatar da ruwa, a tuna wutar lahira da zafin ɗakin. Ba wanda ya taɓa cewa mutanen Dimashƙ ko Fas sun zama Rumawa don wannan.

Injiniya Rabi'u:
Malam Nasiru, ɗan gyara kaɗan. Ƙanƙancewar kwarmi ta riga Musulunci. Tun ƙarni na 4 zuwa na 6 ana ganin ta a Afirka ta Arewa da Sham: a toshe wani ɓangaren babban kwarmi da bulo, a mayar da shi ƙananan komaye na mutum ɗaya ko biyu, a rufe wasu ɗakunan zafi a bar biyu kusa da murhu. Sababin a fili yake, hanyar ruwa ta lalace ba mai gyarawa, itace ya yi tsada, attajiran da ke ɗaukar nauyi sun juya kuɗinsu wajen coci. Kiristoci ma ba su guje shi ba, taron limaman coci na Kartaj a 411 a cikin gidan wankan Gargilius aka yi shi. Masu haƙa suna gane ranar da gini ya mutu ta bakin murhu: toka ta ƙarshe tana nan ba a kwashe ba, bututun darma an zare, marmara an ɓamɓare, wani lokaci ma a tarar da matoyar ƙona ta a tsakiyar ɗakin sanyi.

Malam Habibu:
Injiniya, wannan toshe kwarmi da bulo, ana iya bambance wanda aka yi don ƙarancin ruwa da wanda aka yi don mutane sun daina son tuɓewa a gaban juna?

Injiniya Rabi'u:
A duba bututun da ke shigo da ruwa da tankin ajiya. In an rage faɗin bututu, ko an haƙa rijiya ko tankin ruwan sama a gefe a daidai lokacin da aka yi toshin, ruwa ne ya yi ƙaranci. In ruwa na zuwa yadda yake amma aka yanka kwarmin gida-gida, har aka ɗaga ɗan bango tsakanin komi da komi, sai a koma wajen su Malam Nasiru.